Littattafan Mamanki Ba Sa Zariya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga 'yata Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yan ɗakinku na Titiwangsa. Allah Ya tsare min ke a tafiyar da ke gabanki, Ya sauke ki Amurka lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin hanya da na masauki. Amin.

Na san za ki yi mamaki. Daga shagona na Chow Kit zuwa ɗakinki a nan Kuala Lumpur tasha ɗaya ce a jirgin ƙasa, amma ga ni na zauna ina rubutu kamar kina wata duniya. Sau uku ina shirya maganar nan a baki, da na gan ki sai in ɓige da tambayar ko kin sayi rigar sanyi. Kuma da gangan na rubuta da Hausa. Na san za ta ba ki wahala. Ki bi ta a hankali, inda kika kakare ki koma baya. Turancina na ciniki ne, ba zai ɗauki abin da zan faɗa ba.

Bari in fara da mai nauyin, don kada ki yi ta karatu kina jira.

Kin yanki tikitinki ta Kano don ki biya Zariya wajen kawunki Sani, ki ɗauki littattafan da mahaifiyarki ta cika da hannunta tana juya littafin Dattijon nan naku zuwa Hausa. Dattijo nake ce masa saboda har yau bakina bai iya sunansa ba, wannan marubucin Amurka da ya mutu tun ba a haifi mahaifina ba, wanda ya cinye ƙuruciyar uwarki, yanzu kuma zai ɗauke min ke. Kin ce a can za ki ƙarasa abin da ta fara, har kin sanar da farfesar da za ta duba aikinki. Saudatu, littattafan ba sa Zariya. Ba su taɓa barin Kuala Lumpur ba. Babu su. Ni na salwantar da su shekara tara da suka wuce, kuma tun daga ranar nake yi miki ƙarya.

In za ki ajiye takardar ki yi kuka, ki ajiye. Amma ki dawo ki ƙarasa, don ina so ki ga yadda mutum yake kaiwa ga irin wannan. Ba a rana ɗaya na kai ba.

Tarihina kin ji shi har kin gaji. A aji uku na sakandare na ajiye biro, na fara da tebur ɗaya na kayan waya a Kano, babu wanda ya ba ni ko kujerar zama. Wannan duk gaskiya ne, kuma ba na jin kunyarsa. Abin da nake tsallakewa shi ne yadda na shigo ƙasar nan. Mamanki aka ba gurbin karatun digiri na uku a jami'ar nan ta Jalan Semarak. Ni biyo ta na yi. A fasfona aka manna takarda mai cewa ina ƙarƙashinta, ni da ke matsayinmu ɗaya, ke mai shekara shida, ni da gemuna. Ma'aikaciyar filin jirgi ta duba ta ce, to kai ne mijin ɗalibar. Mamanki ta yi dariya ta ce ai kuwa shi ne. Ni ban yi dariya ba. Na shekara huɗu ban yafe mata wannan takarda ba, alhali ba ita ta rubuta ba.

Na shiga Chow Kit na nemi na kaina. Daga ɗaukar wa ɗalibai akwati zuwa filin jirgi har na kai ga aika kago, kwali-kwali, daga baya kwantena. Duk wanda ya tambaye ni me ya kawo ni Maleshiya, sai in ce kasuwanci, iyali kuma na sa su a makaranta don kada su zauna haka. A gabanta nake faɗa. Ba ta taɓa gyara min ba.

Ranar da aka ba ta digirin ban je ba. Na ce ina da kwantena a tashar jiragen ruwa. Kwantenar za ta iya jira, na sani, ita ma ta sani. Abin da ba zan iya ba shi ne in zauna a kujerar baƙi a kira matata Dakta ina tafi. Hoton nan da ke ɗakinki, ke da ita da hular nan mai igiya, wata 'yar Indonesiya ce ta ɗauke ku. Da kuka dawo ta shigo da rigar a leda, ta ajiye abincin da ta yi tapau, wato ta sayo a ƙunshe, a hanya, ta tambaye ni ko an yi lodin lafiya. Iyakar abin da ta ce ke nan.

To ga darasi na farko a nan. In Allah Ya kawo miji, kada ki tsaya a kan yawan abin da ya tara, ko yawan addu'ar da yake yi miki a waya. Ki duba ko zai iya zama a kujerar baƙi ranarki. Ke ma in wani ya buɗe miki ƙofa, ki faɗi sunansa a gaban mutane, ko mace ce, ko ƙasa da ke yake. Da a ce na faɗa, da ban ragu da komai ba. Yanzu ina faɗa, wadda ya kamata ta ji tana maƙabarta.

Na biyu, Hausarki. Ni na kashe miki ita. In baƙi suka zo daga gida, 'yan kasuwa abokaina, sai in kira ki in ce ki gaishe su da Turanci, sannan ki ƙirga musu da Malayanci, su yi ta mamaki, ni kuma ina kumbura. Mamanki ta kafa dokar cewa a kan tabarmar cin abinci Hausa kawai. Ni na karya dokar. Na ce mata mai digiri a Turanci ce za ta hana 'yata Turanci, wato ita ta hau, ke ta bar ki a ƙasa? Ta ce min Turanci ba zai guje miki ba, yana bakin ƙofa, Hausar ce ba ta da kowa a garin nan sai mu biyu. Na ce ta bar min lacca. Yau in na yi miki magana mai tsawo sai ki ce, slow lah, Baba. Ina dariya, amma ba dariya ba ce a cikina.

A can ki nemi masu Hausa, ko direban tasi ne, ko matar da ke sayar da kilishi a gida. Ki zauna ki saurara. Ki riƙa kiran gwaggonninki kina barin su su yi ta zuba. Kada ki ji kunyar kuskure a gabansu, za su yi miki dariya, dariyar ba ta kisa.

Yanzu in zo ga littattafan.

Bayan digirin ta samu koyarwa a wata kwaleji, muka zauna. A lokacin ta fara fassarar. Littattafan rubutu na 'yan makaranta take saya a kedai, kantin nan na ƙasan gidanmu, masu shuɗin bango. Bayan la'asar take zama a baranda, littafin Dattijo a hagu, nata a dama. Wani lokaci awa guda za ta yi a kan layi ɗaya. Na tambaye ta wa zai biya ta wannan wahala. Ta ce babu. Na tambaye ta wa a Kano zai karanta labarin Bature mai injin niƙa. Ta ce duk gidan da ke da uba. Ban gane ba, kuma ban tambaya ba, don ni a lokacin ba na cewa ban gane ba.

Tana yawan tare ni da tambaya. Alhaji, in mutum ya sayi kaya ya gane an cuce shi amma ba ya so a sani, me yake cewa? Alhaji, yaya 'yan kasuwa suke korar mai roƙo ba tare da sun ce babu ba? In faɗa mata ina cin abinci, ta rubuta. Tana cewa Hausarta ta aji ce, tawa ce ta kasuwa mai jini a jika. Ina jin daɗin wannan, ba zan ɓoye miki ba.

Wata Asabar kina wajen ƙawarki, ta ce in zauna ta karanta min babi ɗaya in ji ko ya zauna a kunne. Na zauna. Labarin wani mutum ne da ya taso ba shi da komai, ya gina injin niƙa a bakin kogi, har garin duka ya koma cin gari daga hannunsa. A babin, matarsa ta kawo masa wata takarda daga hukuma, shi kuma bai iya karatu sosai ba, amma ya ƙi ya ce ta karanta masa. Ya riƙe takardar yana gyaɗa kai, yana faɗa. Saudatu, da ta fara karanta maganarsa sai na ji muryata. Yadda nake cewa to madalla in raina ya ɓaci. Yadda nake katse mutum. Har maganar nan tawa da kika sani, ni ba a ɗora ni ba, da ƙafata na hau, tana bakin mai injin.

Na miƙe. Na ce mata ashe shekara biyu habaici take rubuta min, ta ɗauki Bature ta laɓe a bayansa tana zagina. Na ce saura ta buga, 'yan'uwanta 'yan boko su karanta a Zariya su yi ta nuna ni. Ta rantse ba haka ba ne. Ta ce ta nemi muryar da za ta ɗauki mutumin a Hausa, ba ta samu wadda ta kai tawa ba. Sannan ta faɗi abin da har yau nake ji:

"Alhaji, ka bari mu kai ƙarshe. Marubucin nan son mutumin yake yi."

Na ce ba na bukatar son Bature, na ɗauki makullin mota. Daga ranar ba ta ƙara tambayata kalma ba. Ta ci gaba da rubutun, amma in ta ji motsina a ƙofa sai ta rufe. Har yau ban san yadda mai injin ya ƙare ba. Ke kin sani, kuma ban taɓa iya tambayarki ba.

In wani ya kawo miki aikinsa ya ce ki saurara, ki saurara har ƙarshe kafin ki yi fushi. Fushin zai jira ki, ba inda za shi. Kuma in kika ji kanki a cikin labari, kada ki fara da tambayar wa ya kai tsegumina. Wataƙila wanda ya rubuta ya daɗe yana kallonki ne saboda ya damu da ke.

Ciwonta kin gani da idonki, ba sai na tayar miki ba. Wata biyar. Kina shekara goma sha biyar muka rufe ta a ƙasar da ba tamu ba. Bayan arba'in kawunki Sani ya ce a tura kayanta gida a raba gado yadda addini ya ce. Aikina ne, ni ke tura kayan mutane. Kina makaranta na haɗa komai da hannuna: zannuwa, sarƙoƙi, takalma, da kwali shida na littattafan bugu. A ƙasan durowa na samu masu shuɗin bangon, guda goma sha ɗaya, ta ɗaure su da igiyar atamfa.

Shekara tara ina gaya wa kaina cewa nauyi ne ya sa na ware su, wai mai kago ya san takarda nauyi gare ta ba daraja. Ƙarya ce. Wanda ya tura kwali shida ba zai kasa tura ɗauri ɗaya ba, kuma kwantenar tawa ce. Na buɗe na farko, na ga rubutunta, na ga maganata a ciki. Sai na hango Sani da ƙannensa a zaure suna karantawa suna kallon juna. Matata ba ta yi wata biyu a kabari ba, abin da ya dame ni ke nan.

Ana haka sai na ji motar nan mai yawo unguwa da lasifika tana kiran tsofaffin jaridu. Na sauka da ɗaurin. Tsohon ɗan Chana da ke tuƙa ta ya kwance igiyar, ya buɗe ɗaya, ya ga rubutun hannu ne. Bai ɗora a sikeli ba. Ya dube ni ya tambaye ni da Malayanci ko na tabbata. Mutumin da bai san harafi ɗaya na Hausa ba, sau biyu yana tambayata. Na ce masa boleh, wato ba komai, ya ɗauka. Ya jefa su bayan mota kan kwalaye. Igiyar ya miƙo min.

Kafin in hau bene na yi nadama. Na ɗauki mota na zaga unguwar, na bi har wajen kasuwa, ban gan shi ba. Washegari na samu inda suke sauke kaya, aka nuna min injin da ke matse takardu dami-dami. Na tsaya na kalla na dawo. Da kika dawo daga makaranta kika buɗe durowar kika tambaye ni, na ce suna cikin kayan Zariya. Kika ce alhamdulillah. Kawunki bai san komai ba. Duk lokacin da kika kira shi ya ce kwalayen littattafai suna nan a kulle ba a taɓa ba, gaskiyarsa yake faɗa.

Da wataƙila na bar ki kin je kin buɗe kwalayen, in ce ko gara ce ta ci, ko an sace a hanya. Na yi wannan tunanin, Allah Ya sani. Abin da ya hana ni shi ne hirarmu ta ranar Lahadi a mamak, gidan shayin nan na bayan shagona. Ina shan shayi kina ba ni tarihin Dattijo, ni kuma ina tsokanarki cewa mutumin da ya mutu ba shi da ko gidan kansa shi za ki ƙetare teku dominsa. Kika ce min littafinsa na farko ya samu kasuwa, na bayan kuwa mutane suka juya musu baya, har ya koma gyara kurakuran wasu a gidan jarida don ya ci abinci. Kika ce da ya mutu ba a yi wani taro ba. Sai kika ce abin da ya tsirar da sunansa wansa ne, kafinta, wanda bai yi karatun kirki ba, kuma sun shekara da shekaru ba sa ga maciji. Shi ya je ɗakin hayar ya kwashe takardun, ya ƙera musu akwati da hannunsa, ya ajiye a inda ruwa ba ya zuba. Bai san me ke ciki ba. Bayan shekaru masu yawa wasu malamai suka zo nema, aka buɗe, aka sake buga tsofaffin, aka fitar da waɗanda ba a taɓa gani ba. Kika ce, Baba, ka ga da kafintan nan ya share ɗakin kawai, da babu karatuna, da babu na Mama.

Kin tuna na tashi na ce zan wanke hannu? Ban ci komai da hannu ba ranar. A bakin famfo na tsaya.

Ni ban san adabi ba, amma na fahimci wannan: marubuci yana gama nasa ya mutu, sauran yana hannun wanda ya shiga ɗakin bayansa. Sau da yawa kuma ba farfesa ne ke shiga ba, irinmu ne. Kafinta ya shiga, ni ma na shiga. Na aika kwantena ba adadi a rayuwata, babu ɗaya da wani zai nema bayan raina. Abu ɗaya da ya ratsa hannuna wanda za a iya nema, shi na bai wa motar jarida.

Saboda haka ki riƙe takardunki da kyau, ki ajiye su wuri biyu, uku. Kada ki bar aikinki a hannun mutum don kawai yana sonki. Ina son uwarki, Allah shaida ne. Kuma Dattijon nan, ki yi masa adalci amma kada ki bauta masa. Ke da bakinki kika ce ya bar matarsa da 'ya'ya cikin wahala yana can yana rubutu. In kin zo rubuta tarihinsa, ki sa wannan, ki sa sunan matar, ki sa sunan kafintan.

Jiya na kira kawunki na gaya masa komai, don na shekara tara ina jingina ƙaryata a gidansa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce Allah Ya ji ƙan 'yar'uwarsa Rabi. Ya ce ba shi zan roƙa ba.

Farfesarki kuma ki rubuta mata tun kafin ki isa. Kada ki ce sun ɓace, kada ki ce ruwa ya ci. Ki ce mahaifina ne ya zubar. Ba na so ki fara zama a ƙasar mutane da rufa min asiri, na ga abin da rufin yake ci. In wannan ya taɓa gurbin karatunki, ki gaya min abin da ake bukata, ko takarda ce in sa hannu, ko magana ce in yi da Turancina na ciniki. Zan yi.

Zariya kuwa ki je, ko babu littattafan. Kakarki ta tsufa, kuma a cikin kwalayen nan akwai littafin Dattijo na bugu wanda Mamanki take aiki da shi. Na ga ta yi rubuce-rubuce da fensir a gefen shafuka. Ba fassarar ba ce, kada in sa miki rai, amma hannunta ne. Ko za ki fara fassarar daga farko, ko za ki bar ta, ban isa in ce miki komai ba. Na rasa bakin magana a wannan.

Ban rubuto don in ce ki yafe min kafin jirgi ya tashi ba. Na ɗauki shekara tara kafin in faɗa, ba zan ba ki kwana huɗu in ce ki gama ba. Ina roƙo dai, roƙon wanda ya san bai cancanta ba. Kuma in kin tsaya a kabarinta kafin ki tafi, kada ki fasa don kina tsoron haɗuwa da ni. Ranar Litinin ba zan je ba, na bar miki ranar.

Ranar Talata ƙarfe bakwai na safe zan tsaya da mota a ƙasan gidanku, gefen tashar bas. In kin sauko da akwatunanki, in kai ki filin jirgi, kuma ba sai kin yi min magana a hanya ba. In kin fi son ki tafi da ƙawayenki, ki wuce abinki, ba zan yi hon ba, ba zan fito ba. Zan dai ga fitarki.

Allah Ya kiyaye ki gaba da baya, a sama da ƙasa. Ya sa ki gama lafiya, Ya ba ki abokan zama masu tsoronSa, Ya tsare miki sallarki da mutuncinki a inda babu mai ganinki sai Shi. Allah Ya haskaka kabarin mahaifiyarki, Ya ba ta ladan kowane layi da ta rubuta, wanda aka karanta da wanda ba a karanta ba. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ban san abin da kika taɓa yi min ba.

Wassalam.

Mahaifinki,
Alhaji Lawan
Chow Kit, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci